Hular Baba Soremekun

Shekara ashirin da huɗu Baba Gbadebo Soremekun ya yi yana zuwa zaman Asabar na gidan Dokita Fadipe a unguwar Ibara, kuma a cikin shekarun nan ba wanda ya taɓa ganin tsakar kansa. Dokar zaman ce ta jawo haka. Duk wanda aka yi wa tambaya ya kasa amsawa, sai ya miƙe tsaye, ya cire hularsa, ya rera amsar daidai sau uku kafin ya zauna. Mata tabarau suke cirewa, tun da ba a taɓa ɗankwali. Duk wani mai jin kansa masanin kiɗan Turawa na dā a Abeokuta ya sha cire tasa a falon nan, har da mai gidan, wanda sanƙonsa ya zama tamkar ɗan ƙungiya. Soremekun kaɗai ne bai taɓa faɗuwa ba, har ana musu a bayan idonsa kan ko gashi ne a ƙarƙashin hular ko fili.

Su bakwai ne, wani lokaci tara idan babu jana'iza a gari. Ƙarfe huɗu na la'asar ake haɗuwa. Matar Dokita ta kawo shinkafar ofada a ganye da soyayyar agada, a ɗora faifai a kan tsohon garmaho, a saurara ido a rufe kamar masu addu'a. Daga nan a ɗage allura a shiga abin da ya tara su, wato kacici-kacici da gardama. Baƙo zai ɗauka kiɗan ne ya kawo su. Suna son kiɗan, ba shakka, amma bai kai musu daɗin kama juna da kuskure ba.

Wasan nasu ya tsaya ne a kan abin da kowane ɗan firamare a garin ya sani. Yarbanci a kan murya uku yake tafiya, ta ƙasa da ta tsakiya da ta sama, kuma tun aji ɗaya ake koya wa yara su da sunan do, re, mi. Kalma ɗaya ce a rubuce, hawa da saukar murya ke raba ma'ana. Oko in ka faɗe shi re-re miji ne, re-mi fartanya, re-do mota. Akwai wani tsohon alƙali ɗan zaman da ya tashi a bikin 'yar Dokita zai yi wa amarya fatan miji nagari cikin waƙa, sai karin waƙar Turawan da ya ara ya ja muryarsa sama, ya yi mata fatan fartanya. Shekararsa goma sha ɗaya da rasuwa, har yau in an tuna shi ba a cewa sai Alƙalin Fartanya.

A wannan fage Soremekun ba shi da na biyu. Shi ne ya taɓa tambaya, "Wane Bajamushe ne ya haifi re-mi, ya kuma mutu ya bar mana re-mi?" Injiniya Sodipo, wanda ya fi kowa saurin baki, ya yi caraf ya ce ai ogun ne, wato yaƙi, ya shiga lissafo mawaƙan da suka yi zamani da yaƙi. Soremekun ya bar shi sai da ya gama tsaf.

"Yaƙi re-re ne, Injiniya. Kunnenka ka baro a mota?" in ji shi. "Ogun da re-mi ashirin ne, kuma gado ne. Mutumin ya haifi 'ya'ya ashirin, ya bar mana gadon kiɗa. Tashi mu ga kan nan."

Injiniya ya tashi, ya cire, ya rera. Tun daga ranar yake jiran tasa ranar, kuma bai ɓoye wa kowa ba.

Soremekun mutum ne siriri, dogo, mai dogayen ƙafafu da yake rasa inda zai sa su in ya zauna. Hularsa ta saƙi kullum a karye take gefen hagu. Abokan suna tsokanarsa cewa tun daga suna aka yi masa guzuri, so-re-me, saura kaɗan ya zama waƙa. Ba shi da yawan dariya, kuma ba zan ce yana da daɗin zama ba, domin mutumin da bai taɓa kuskure ba gajiyar da mutane yake yi. Abu ɗaya kowa ya lura da shi: akwai fiyano a kusurwar falon, kowa yakan ɗan taɓa in ana gardamar sauti, shi kuwa ko jingina da ita ba ya yi. In an ce ya gwada sai ya ce, "Ni kunne gare ni, ba hannu ba." Ƙarya yake yi, kuma dalilin ƙaryar yana ninke cikin gidan tabaransa, wata 'yar takarda da ta yi shekara hamsin da uku a wurinsa.

Ɗan mai rini ne daga unguwar Itoku. Yana da shekara tara ya shiga ƙungiyar mawaƙan wata coci da ke kan tudu, a ƙarƙashin Baba Dosumu mai kaɗa ogan, wato babban abin kiɗan coci mai kama da fiyano, da ake dannawa da hannu da ƙafa. Dosumu gajere ne, kakkaura, mai rowar magana. Da ogan yake yi wa mawaƙansa magana. In ya danna mi sau ɗaya, kalmar Yarbanci wa ke nan, wato zo. In ya danna mi-mi, duro ke nan, tsaya. Yaran duk sun iya, kuma sun fi tsoron yatsansa da bulala. Gbadebo ya fara da juya masa shafin littafin kiɗa, ya kai ga zama a kujerar ogan. Kafin ya cika ashirin da uku shi ke kaɗa bikin aure da jana'iza da ibadar yamma. Ibadar safe ta Lahadi kawai ta rage a hannun malamin, kuma ita ce abin da Gbadebo yake so a duniya. A shekara goma sha huɗun nan Dosumu bai taɓa ce masa ya yi kyau ba, ko sau ɗaya. In ya yi daidai sai malamin ya yi shiru, in ya yi kuskure ya danna do mai kauri.

A 1971 kawunsa ya samo masa aikin akawu a wani kamfanin katako a Sapele. Gbadebo ba ya son aikin ko kaɗan. So yake a ce masa ya zauna. Amma ba a tsayawa gaban Dosumu a yi irin wannan magana, saboda haka ya rubuta a takarda, "Baba, in tafi ko in zauna?" ya ajiye a kan ogan. Ran Lahadi bayan an tashi, malamin ya zo wucewa ya danƙa masa wata 'yar takarda a tafin hannu, bai ko dube shi ba. A bakin ƙofar coci Gbadebo ya buɗe. Layuka biyar ne irin na rubutun kiɗa, da ɗigo uku na tawada: mi, re, re. Ya rera a zuci. Maa lo. Tafi.

Abin ya yi masa ciwo fiye da yadda zai iya faɗa, kuma bai faɗa wa kowa ba. Ya ninke takardar gida biyu, ran Laraba ya hau mota bai yi sallama da malamin ba. A hanya ya yanke wa kansa hukunci cewa tun da wanda ya fi kowa sani ya auna hannunsa ya ga bai kai ba, to hannun ba zai sake taɓa abin kiɗa ba. Irin alkawarin da saurayi kan yi ne ya manta kafin wata ya ƙare. Shi bai manta ba.

Shekara ashirin da tara ya yi a Sapele. Ya auri wata Baitsekiriya mai suna Alero, suka haifi 'ya'ya mata uku. Yana sayen fayafai a hannun ma'aikatan jiragen ruwa, yana karanta abin da ke rubuce a bayansu har ya haddace, wane ne ya rubuta me, a wane gari, yana da shekara nawa, wane ne ya kurmance bai daina ba. Duk ƙwazon da zai tafi a yatsu sai ya koma kai. Da labarin rasuwar Dosumu ya iso a 1979, ya ce aiki ya yi masa yawa, bai je ba. Bayan Alero ta rasu, 'ya'yan sun yi aure, ya dawo gida ya tarar da zaman Asabar, ya shiga ya gagari kowa. Cocin kan tudu kuwa, in hanya ta bi da shi ta nan sai ya zagaya.

Haka ake har farkon daminar bara, da Mama Remi Akinsola ta fara zuwa. Tsohuwar shugabar makaranta ce, ta dawo daga Ibadan bayan rasuwar mijinta, kuma ita ce autar Baba Dosumu. Ranar da ta fara zuwa Soremekun ya yi mata irin marabarsa.

"Wane suna ne ake rubuta shi re-mi, amma a rera shi do-mi?"

"Haba Yaya Gbadebo," ta ce. "Sunana za ku tambaye ni? Tun ina goye babana ke yi mini wannan. Ku nemo sabo, wannan ya yi tsami."

Aka yi dariya, Injiniya har da buga ƙafa. Soremekun ya ɗan murmusa don dole. Ta zama mutum ta farko a falon da ba ta shakkarsa.

Wata Asabar aka sa faifan ogan. Da aka ɗage allura, Remi ta taɓe baki.

"Da babana ya ji wannan, do zai danna masa. Hannu ya yi kyau, ƙafa na gudu. Shi dai ɗalibi ɗaya na taɓa ji ya yaba wa ƙafarsa a gida, shi kuma ya tsere Sapele ya bar tsoho da ogan da ciwon gwiwa."

Ba da fushi ta faɗa ba, tana ɓare ganyen shinkafa ne ma. Amma idanu suka koma kan Soremekun, domin duk sun san wanda ya zauna a Sapele.

"Ba tserewa na yi ba, Remi," in ji Soremekun. "Korata aka yi."

"Wa ya kore ku?"

"Wanda kika ce ya yabe ni."

"Babana? Da bakinsa?"

"Babanki yana da baki ne? Asabar mai zuwa tambayar tawa ce. Zan kawo miki, ki karanta da idonki."

Dokita ya yi ƙoƙarin sauya zance da maganar ruwan sama, amma an riga an ƙulla. Duk mutanen zaman sun gane abin da ke kan tebur. Ko dai marigayin ya kori ɗalibinsa, 'yarsa ta ji kunya a bainar jama'a, ko kuma Soremekun ne ya yi kuskuren karatu, wanda kuwa ba a taɓa ji ba. Shi kansa ko a jikinsa. Duk makon bai buɗe takardar ba, don me zai buɗe abin da ya haddace? A gaskiya a shekara hamsin da ukun nan bai buɗe ta ya fi sau biyar ba, kuma kowane karo ɗigon nan uku yake kalla ya ji ransa ya ɓaci, ya mayar ya ninke.

Asabar ta zo, aka cika tara, har da masu zuwa sai an ga dama. Ba a ma tsaya sa faifai ba. Soremekun ya buɗe gidan tabarau, ya zaro takardar da ta yi launin ƙasa, ya shimfiɗa a tebur.

"Ɗalibi ya tambayi malaminsa, in tafi ko in zauna. Ga amsar. Ku karanta."

Dokita ya fara. "Mi, re, re. Maa lo. Tafi ke nan." Ya miƙa wa na kusa da shi yana kauce wa idon Remi. Haka ta zaga. Injiniya ya juya ta sama da ƙasa yana neman inda zai kafa gardama, bai samu ba, ya ce, "Tafi ne. Ko ni ba zan yi musu ba, kuma kun san ni."

Da ta iso hannun Remi, ba ta rera ba. Ta tashi ta je bakin taga, ta goge tabaranta da bakin zane, ta karkata takardar wajen haske.

"Dokita, ara mini gilashin nan mai ƙara girman rubutu da kake karanta jarida da shi."

Ta daɗe tana dubawa. Sannan ta juyo.

"Yaya, ku da kuka yi shekaru kuna juya masa shafi, da me babana yake rubuta ɗigo?"

"Da tawada."

"Ɗauri fa?"

Ɗauri shi ne ɗan lanƙwasasshen zanen da ake ja a ƙarƙashin ɗigo biyu masu murya ɗaya, ya haɗe su su zama sauti guda mai tsawo. Duk wanda ke falon ya san wannan tun yana yaro.

"Da fensir," ya ce. "Sai tawadar ta bushe yake ja, don kada ta ɓata masa shafi."

"To ku zo ku duba."

A ƙarƙashin re biyun nan, daf da inda ninkin takardar ya ratsa, akwai ɗan zane toka-toka, ya dushe amma yana nan. Ɗigo uku ne a ido, sauti biyu ne a kunne. Mi, sannan re mai ja. Ba wanda ya rera, amma kowa ya ji shi a kansa. Ma lo. Kada ka tafi. Kuma da jan muryar nan a ƙarshe, irin yadda ake faɗa in ana roƙo.

Dokita mutum ne mai tausayi, shi ya fara neman masa mafita. Ya ce fensirin ya dushe ƙwarai, wataƙila ma dattin ninki ne, takarda in ta tsufa ba abin da ba ta nunawa. Aka juya ga Injiniya, wanda ya yi shekaru yana jiran wannan rana. Injiniya ya kafa wa takalminsa ido.

"Doka ta ce tambayar da aka yi a falon nan," ya ce. "Wannan a bakin coci aka yi ta, tun kafin a gina gidan nan. Ba ta cikin lissafi. Egbon, yayanmu, ku bar hularku."

Soremekun ya karɓi gilashin. Da ya yarda da maganar datti, da ya tashi da hularsa da labarinsa duka, kuma ba wanda zai ƙara tayar da zancen. Ya sunkuya a kan takardar. Ya san hannun nan. Dosumu yakan fara ɗauri da nauyi ya ƙare da ɗan wutsiya sama, ga wutsiyar nan kuwa. Ko ya ga zanen a ranar Lahadin can bai kula ba, ko idonsa ya tsallake shi, shi kansa ba zai iya cewa ba. Abin da ya sani shi ne ya buɗe takardar yana jiran a kore shi, ya kuma karanta abin da yake jira.

"Ya taɓa cewa wani abu a kaina?" ya tambayi Remi, bai ɗago ba.

"Sau ɗaya, maganar ƙafar nan. Ban da ita ba komai, kun san shi." Ta zauna. "Amma ran Litinin, washegarin da ya ba ku wannan, ya kira kafinta ya ƙara wa kujerar ogan tsawo, saboda ƙafafunku. Lahadi mai zuwa zai ba ku ibadar safe. Mama ta ce har riga ya sa aka ɗinka muku. Da kuka tafi, aka yi aka yi ya bari a rage kujerar, ya ƙi. Shekara takwas ya yi yana kiɗa a kanta, ƙafarsa da ƙyar take kaiwa ƙasa. Mu a gida mun ɗauka raina shi kuka yi."

Baƙin ciki ya kama Soremekun, irin wanda ba shi da wanda za a ɗora wa. Shekara hamsin da uku yana riƙe da mutum a zuci, ashe mutumin yana can yana jiransa a kan kujerar da ta fi shi tsawo. Ya ajiye gilashin a hankali. Ya tattara dogayen ƙafafunsa ya miƙe.

"Egbon, na ce ba ta cikin lissafi," in ji Injiniya.

"Yi shiru, Sodipo. Ka daɗe kana son gani."

Ya sa hannu biyu ya cire hular, ya ɗora a tebur kusa da takardar. Gashi ne, cike da kai, fari fat. Masu musu suka sami amsarsu.

Ya gyara murya. "Ma lo." Mi ɗin ya fita daidai, re ɗin ya ja shi gwargwadon yadda aka rubuta. Ya sake, "Ma lo." A na uku ya buɗe baki, muryar ta ƙi. Ya sake gwadawa, iska kawai ta fito. Doka kuwa sau uku ta ce, kuma shi ne ya fi kowa tsananta ta a kan mutane.

Sai ya taka zuwa kusurwar falon, ya ɗaga murfin fiyano. Yatsunsa sun kankame da tsufa, na tsakiya ma ba ya miƙewa. Bai yi lalube ba. Ya danna mi, ya danna re, ya riƙe ta har sautin ya mutu da kansa, bai ɗage yatsan ba.

A daidai nan matar Dokita ta shigo da tiren shinkafa, wanda ta riƙe tun ɗazu tana jiran ta ji an sa faifai. Ta ga mutum tara sun yi jugum, ta ga Soremekun tsaye kai ba hula, ta ajiye tiren.

"Lafiya? Wani ne ya rasu?"

"Babana ne," in ji Remi. "Yanzu labarin ya iso wa Yaya."